Ranar da Mutumin Inshora Ya Zo Dubiya

Ni na tilasta wa autanmu ya yi wa babur ɗinsa inshora. Ban lallashe shi ba, ido na zare masa. Na ce ko dai ya yi, kuma babbar, wadda take biyan gyara ta biya asibiti, ko kuma babur ɗin ya nemi wani soron ya riƙa kwana, ba na gidanmu ba. Tun rasuwar mahaifinmu maganata ce take aiki a gidan, in ka cire ta Baffa, ƙanen mahaifinmu, wanda in ya yi magana ni ma shiru nake yi. Auta ya yi ta ƙunƙuni, amma ya je ya yi.

Babur ɗin ba irin wanda ake zuwa cefane da shi ba ne. Ƙato ne baƙi, mai tanki kamar tulu. Auta yana tsaron shagon kayan gyaran babura a Ƙofar Ruwa, a can ya samo shi a mace, wani ya faɗi da shi ya yasar, ya yi ta haɗa shi ƙarfe bayan ƙarfe har ya tashi. In ya kunna shi a lungunmu na Gwale kaji watsewa suke yi, tsofaffi su yi ta Allah wadai, don haka sai ya koma tura shi da hannu har bakin titi kafin ya tayar. Ladabi dai yana da shi, ba zan ƙwace masa wannan ba.

Duk Lahadin ƙarshen wata, shi da abokansa masu manyan babura suna kama hayar wani fili a bayan gari, harabar wata masana'anta da ta daɗe da mutuwa amma kwaltarta tana nan lafiya lau. Su rufe ƙofa, su jera tsofaffin tayoyi su fitar da hanya mai kwana-kwana, kowa ya saka hular kwano da rigar fata, su yi ta zagaye. Ranar fili suke ce mata. Auta ya sha rantse mini cewa koyo ne ba tsere ba. “Yaya, wallahi ya fi titi aminci. Ba mota, ba akuya, ba ɗan adaidaita da zai yanko maka.” Sau ɗaya na bi shi na gani. Da na ga ya kwanto da babur a kwana har gwiwarsa tana shafar kwalta, na juya na hau hanyar gida ban yi wa kowa sallama ba.

Inna, mahaifiyarmu, mun ɓoye mata. Ɓoyon bai yi mini wuya ba, don ni ɗan fari ne. Ba ta kama sunana, ba ta kallona ido cikin ido, in tana son abu a wurina sai ta gaya wa matata, ko ta fuskanci bango ta ce, “A gaya wa mai gidan nan gero ya ƙare,” alhali ina tsaye a tsakar gida. Haka muka tashi, kuma ban taɓa jin cewa ba ta sona ba. Amma dai babu irin hirar da zancen fili zai shigo cikinta.

Wata Lahadi ina zaune ina duba takardun jarrabawar ɗalibaina, abokin Auta ya kira ni ya ce Auta ya faɗi. Ban tsaya neman hula ba.

A asibiti likita ya ɗaga hoton ƙashin ya nuna mini. Ko ni da ban san komai ba na gani: ƙashin cinya ya rabu biyu, ɗaya ya hau kan ɗaya. Ya ce sai an yi tiyata an saka ƙarfe. In aka bar shi ya haɗe yadda yake, zai haɗe, amma ƙafar za ta gajarce, kuma gajartar ta zauna ke nan. Ya faɗi kuɗin, na ji kamar an ɗora mini buhu a ka. Suka ɗaure ƙafar, suka ce mu koma gida mu shirya, kada mu daɗe, don ƙashi ba zai tsaya jiranmu ba.

Kafin mu iso gida labari ya riga mu. Abokansa sun ce a titin bayan gari ya faɗi, garin kauce wa rami. Don Inna suka faɗi haka, kuma na ji daɗi da suka faɗa. Muka kwantar da shi a shagonsa, ɗakin da ƙofarsa take buɗewa cikin soro, don maza masu dubiya su gan shi ba sai sun shiga cikin gida ba.

Da mutane suka ragu na zauna a bakin katifar, har da ɗan alfaharina. Na ce, “To, ka ga amfanin jin magana? Da ban matsa maka ba, yau ina za mu dosa?”

Bai kalle ni ba. Ya ce, “Yaya, ba ta ɗaukar fili.”

“Mece ce ba ta ɗaukar fili?”

“Inshorar. Titi kawai ta sani. In a filin gudu ne, ko tsere ko koyo, ba ruwansu. Tun ranar da na yi suka gaya mini. Akwai wadda ake yi daban don ranar fili kaɗai, na tambaya, suka ce su ba sa yin ta.”

“Ka sani, ka ci gaba da zuwa?”

Wallahi ba don ƙafar ba da na mare shi. Na tashi na fita ƙofar gida na tsaya ina huci, wani yaro ya gaishe ni na daka masa tsawa ba gaira ba dalili. Da na huce na dawo na ce masa, “A titi ka faɗi. Abin da aka gaya wa Inna shi za a gaya wa kowa.” Na kira kamfanin na gaya musu haka. Wanda zai yi mini wa'azi a kan wannan ya bari sai ya ga cinyar ƙanensa ta kumbura ta kai girman turmi.

Suka ce za su turo mutum ya ga babur, ya ga mara lafiya, abin da ya rubuta shi za a bi. A nan wata matsalar ta ɓullo. Baffa ba ya ƙaunar ko jin sunan inshora. A wurinsa caca ce, kuma rashin dogara ga Allah ne. Bai san an yi ba. Da zai ji cewa mutumin inshora yana cikin soron yayansa, da sanda zai raka shi, ya kuma haramta mana karɓar ko kwabo. Dama tun daren farko yake ta cewa a kira mai ɗori, shi ma ai an taɓa ɗora masa hannu ga shi nan yana cin tuwo da shi. Ni kuma ina ta ba shi haƙuri, ina cewa akwai wata hanya da nake jira.

Saboda haka da mutumin ya kira ni, na roƙe shi alfarma. Na ce, “Malam, don Allah ka zo kamar mai dubiya. Akwai dattijo a gidan da ba ya son harkar nan.” Ya yi 'yar dariya ya ce ba yau ya fara jin haka ba, ba komai. Ni a lokacin gani nake na yi dabara.

Na bi duk wanda na san ya san gaskiya na ja masa kunne: telan da yake maƙwabtaka da mu, bakaniken da ya ɗauko babur ɗin, abokan Auta. Kowa ya ce haba, ai ba sai an faɗa ba. Abin da ban iya yi ba shi ne in gaya musu ranar da mutumin zai zo da kamanninsa, don ni ma ban sani ba sai da ya yi sallama.

Bayan azahar ya zo, ranar Laraba. Siririn mutum ne mai furfura kaɗan a gemu, da farar kaftani da ledar lemo a hannu. Ya cire takalmi, ya durƙusa ya gaida Baffa kamar ɗan gida, ya leƙa shago ya yi wa Auta sannu. Na so in ja shi kai tsaye wurin babur mu gama ya tafi, Baffa ya ce, “Kai wane irin mutum ne? Baƙo ya zo ko ruwa bai sha ba? Malam, zauna. A kawo masa fura.”

Mutumin ya ce, “Ba sauri nake ba, Baba.” Ya naɗe ƙafa a kan tabarma, daidai inda yake ganin ƙofar waje yana ganin ƙofar shago. Baffa bai tambaye shi daga ina yake ba. A gidanmu ba a yi wa mai dubiya wannan tambayar.

Duk wanda ya san dubiya a cikin birni ya san yadda take. Mutum ya shigo, ya yi sannu, ya yi Allah ya kiyaye gaba, sannan ya gyara zama ya ce, “Garin yaya?” Dole a ba shi labari daga farko. Wanda ya riga shi zuwa ya ƙara abin da aka manta. Na ba da labarin ramin nan har na fara ganinsa a idona, kuma duk lokacin da na fara, sai in ji kunnen mutumin a gefen wuyana. Ba ya rubuta komai. Furarsa kawai yake sha a hankali, yana juya ludayi.

Tela ya shigo da tef ɗin awo a wuya. Mutumin kirki ne, amma bakinsa ba ya da marfi. Ya gaisa da kowa, ya dubi baƙon bai san shi ba, ya ɗauka ɗan'uwa ne daga nesa. Ya ce, “Ni dama tun ranar da na ga rigar fatar nan na ce yaron nan...”

Na ce, “Maigida, ɗinkin nan nawa fa? Sati nawa ke nan?”

Ya saki baki. Ba ni da wani ɗinki a wurinsa. Na kafe shi da ido har ya gane, ya haɗiye sauran maganar ya ce, “Af, yana nan, saura wuya.” Ya ƙara sannu biyu ya fice yana tuntuɓe da takalman mutane. Baffa ya ce, “Wace rigar fata?” Na ce ta sanyi ce. Gumi ya jiƙa mini baya har rigata ta manne.

Bai daɗe da fita ba na ji rurin babur a bakin lungu, na san ko waye. Abokin Auta ne, wanda ya kira ni ranar, yaro mai rawar kai. Ya shigo da hular kwano a hammata, ya wuce shago, ina jin sa yana cewa, “Mutumina, ka ga hoton kuwa? An ɗauko daidai lokacin da ta zame maka.” Ya zaro waya. Ban san lokacin da na miƙe ba. Na cafki hannunsa na ce, “Zo ka gyara babur ɗinka, ka tare wa mutane hanya.” Na fitar da shi waje har yana neman faɗuwa, na matse shi a jikin katanga na ce, “In ka sake buɗe wayar nan a unguwar nan sai na taka ta. Ga shi can zaune, mai farar riga.” Ya ce innalillahi, ya tura babur ɗinsa da hannu ya ɓace.

Da na dawo mutumin ya ajiye ƙwaryar. Ya ce, “Malam, ko zan ga abin hawan? Ni ma ina sha'awar irinsu.”

Babur ɗin yana rakuɓe a lungun soro an rufe shi da tsohon bargo. Na yaye. Gefensa na hagu duk ya gurje, tankin ya loɓa, hannun kuloci ya karye. Mutumin ya tsuguna yana dubawa, ya shafa taya tun daga tsakiya har gefe, inda robar ta narke ta yi ƙuraje. Sannan ya miƙe ya ɗora yatsa a kan madubin hagu.

A lokacin na gani. A fili cire madubi suke yi kafin su shiga. Bakaniken, don ya taimake mu, ya mayar da su kafin ya kawo babur ɗin. Ga gefe ya daku kamar an bi shi da guduma, ga madubi yana ƙyalli ko ƙwarzane babu. Na ga fuskata a ciki, na ga tasa.

Ya ɗan juya madubin, ya sake shi. Ya ce, “Allah ya kiyaye. Ramukan nan sun yi yawa.” Ya ja bargon ya rufe da kansa.

Ya matso kusa da ni ya rage murya don kada Baffa ya ji. “Na ga hoton ƙashin, na ga yaron. Aikin nan ba ya son jinkiri. Zan rubuta abin da aka gaya mini.” Ban san ko ya yarda ba ne ko kuwa ya ga dama ne ya kau da kai. Ban damu in sani ba. Saura kaɗan in rungume shi. Ya yi wa Baffa sallama, ya leƙa ya ce wa Auta Allah ya ƙara sauƙi, ya saka takalmi ƙafa ɗaya.

Sai ga sallamar Liman.

Limamin masallacin unguwarmu tsoho ne tukuf, abokin mahaifinmu, shi ya raɗa mini suna ya raɗa wa Auta. Ya shigo yana dogara sanda, kowa ya miƙe. Baffa ya dubi baƙon ya ce, “A'a, Malam, ai ba ka tafi ba. Tsaya a shafa da kai.” Ba wanda yake fita daga wuri ana shirin ɗaga hannu. Mutumin ya zare takalmin ya dawo ya zauna, kafaɗarsa tana gogar tawa.

Ban ji tsoro ba ko kaɗan. Liman ba ya cikin waɗanda suka sani. Aka shimfiɗa masa buzu a bakin ƙofar shago, ya yi wa Auta sannu, ya ɗaga hannu muka ɗaga. Ya yi salati, ya ja Larabci mai tsawo muna amin, sannan ya juyo Hausa kamar yadda ya saba.

“Allah ka ba wa yaron nan lafiya.”

Amin.

“Allah ka haɗa ƙashinsa, ka mayar masa da ƙarfinsa.”

Amin.

“Allah, wannan fili na bayan gari da suke rufe kansu suna gudu da babura, inda ya faɗi, ka cire masa son sa daga zuciya.”

Soron ya ce amin. Na ji muryar mutumin a kunnena, a hankali, shi ma ya ce amin.

Hannayena suna sama. Me zan yi? In ce Liman ya dakata? In yi tari? Mutumin da ya haife ni bai taɓa katse tsohon nan ba, ni ne zan katse shi yana magana da Ubangiji? Ta ƙofar shago na hango Auta, ya rufe ido, hawaye yana gangara masa cikin kunne.

Liman bai gama ba. “Shi da abokansa da suke taruwa duk ƙarshen wata, Allah ka shirye su. Ka sa faɗuwar nan ta zama ita ce ta ƙarshe a wurin nan. Ka sanyaya zuciyar mahaifiyarsa.”

Na buɗe baki na ce amin. Da ƙarfi ma na faɗa, don Baffa ya juyo yana kallona ta saman tafukansa, kallon da na san za mu yi magana daga baya. Aka yi fatiha aka shafa.

Na raka mutumin. Muka bi lungu muna raɓewa muna ba masu kurar ruwa hanya. Sai da muka kusa titi na sha gabansa. Na ce, “Malam, tsoho ne. Ruɗewa yake yi. Jiya ma a sallar asuba...”

Ya ce, “Kada ka yi wa limaminku haka saboda ni.”

Kunya ta kama ni, kunyar ta koma fushi. Na ce, “To me ya canza? Ɗazu ka ga madubi ka rufe da hannunka. Ƙafar ce ta canza, ko ƙashin ne ya haɗe? Yaro ne ko aure bai yi ba! Kamfaninku zai talauce ne a kan ƙarfe guda?”

Ya bar ni na gama. Mutane har sun fara waiwaye. Ya ce, “Madubi zato ne, ina iya cewa ban gane ba. Wannan kuwa a gaban jama'a aka faɗa, hannuna yana sama. In na rubuta titi yanzu, na san abin da na rubuta.” Ya ƙara da cewa, “Da na fita kafin ya shigo, da shi ke nan. Wallahi na so in fita.”

Na roƙe shi. Ni da ba na iya roƙo, na kama hannun rigarsa a bakin titi na haɗa shi da Allah da iyayensa. Ya zare hannunsa a hankali, ya ce in yafe masa, ya tari adaidaita ya shiga. Na tsaya ina kallon bayanta har ta sha kwana.

Na koma gida ina neman wanda zan ci. Tela na fara zargi, har na nufi shagonsa, na fasa. Na ratsa soro ban kalli Baffa ba, na shiga cikin gida na tarar da matata tana tankaɗe. Na ce, “Wane munafukin ne ya kai wa Liman magana?”

Ta yi mini alama da ido in rage murya. Ban rage ba. Sai na ji Inna daga bakin ɗakinta. Tana zaune a kan tabarma tana tsince shinkafa a faranti, fuskarta tana kallon bango kamar kullum.

Ta ce, “A gaya wa mai gidan nan ni ce munafukar.”

Ta ci gaba ba ta juyo ba.

“Ni na aika da sadaka da safe, na ce a gaya wa Malam inda abin ya faru. Ana tsammanin ban sani ba? Wa yake share shagon? Rigar da gwiwarta ta cinye, a ƙarƙashin katifa, ta sanyi ce? Duk Lahadin da ya fita ba na iya cin abinci sai na ji shigowarsa. Na yi shiru ne don an fi son in yi shiru.” Ta watsar da tsakuwa gefe. “Amma ba zan sa a roƙa masa tsari daga rami ba, alhali ba rami ne ya kayar da shi ba. Abin da yake damun yaro shi za a faɗa wa Allah.”

Matata ta sunkuyar da kai. Maganar tana bakina, cikakkiya, da zafinta: Inna, kin san abin da kika yi? Ba ta san da inshora ba. Ba ta san da fili da titi suna da bambanci a wurin wasu mutane a wani ofis ba. Mu muka hana ta sani.

Ta ce, “Wannan baƙon mai lemo, ɗan gidan waye? An ce har ya tsaya addu'a. Allah ya yi masa albarka.”

Na ce amin, na juya na fita.

Amsar kamfanin ba ta daɗe ba, kuma ba ta ba ni mamaki ba. Na shiga neman wata hanyar. Na sayar da babur ɗin a yadda yake, abokan Auta suka yi karo-karo, maigidansa na kasuwa ya kawo abin da ya sawwaƙa, na je wurin mutanen da ban taɓa zaton zan tsaya a ƙofarsu ba. Duk da haka ko rabi ba mu kai ba, kwanaki kuma suna ta tafiya, Auta ba ya barci, ƙafar tana ƙara juyewa waje. Baffa bai yi mini faɗan da nake jira ba. Abin da ya ce kawai, “Ka gama jiran hanyar taka?” Na ce na gama.

Da hantsi mai ɗori ya zo, dattijo mai kaurin hannu, da daurin kara da tsumma da man shafawa a gwangwani. Ya taɓa cinyar ya girgiza kai ya ce an bar ta ta daɗe, amma zai yi iyakar yinsa. Ya ce a samo maza su danne. Baffa ya kama ƙafa mai lafiya, tela ya kama ƙugu, ni na zauna a bayansa na rungume ƙirjinsa da hannayensa, kansa yana ƙarƙashin haɓata. Jikinsa yana ta karkarwa tun ba a fara ba.

Ya ɗago kai kaɗan ya ce a kunnena, “Yaya.”

“Na'am.”

“Kada ka gaya mata. Ko bayan raina.”

Ban samu na amsa ba, mai ɗori ya ce bismillah ya ja. Ihun da Auta ya yi, an ce har bakin titi an ji. Ni dai ban saki ba.

Ƙashin ya haɗe. Ƙafar hagu ta gajarce, kamar yadda likita ya faɗa, ana yi masa takalmi mai tudun dunduniya a wurin wani baduku. Yana tafiya yana tangaɗi, in ya daɗe a tsaye ƙugunsa ya riƙe. Ba ya iya ɗaga ƙafar ya haye babban babur, ko ƙaramin ma sai da dabara. Ya koma shago a Ƙofar Ruwa yana sayar wa abokansa kayan da za su je fili da su.

Inna ta tsufa sosai yanzu, idonta ya yi rauni, amma tana gane takunsa tun daga soro, ɗaya mai nauyi ɗaya mai sauƙi. Ranar Lahadin ƙarshen wata takan sa a dafa masa abin da yake so, ya zauna kusa da ita ya ci. In na shigo na same su, sai ta juya fuskarta wajen bango, muryarta cike da jin daɗi, ta ce, “A gaya wa mai gidan nan, addu'ar Malam dai ta ci. Ko sau ɗaya yaron nan bai sake komawa ba.”

Auta ya ci gaba da cin abincinsa bai ɗago ba.

Ni kuma in ce, “Ta ci, Inna.”